Masaƙi a Kujerar Gaba

Shekara huɗu ke nan da yanar ido ta rufe wa Maikano gani, amma duk Dogon Dutsi babu mai cewa saƙarsa ta lalace. Matarsa Zalihatu ce ke ja masa zare ta ɗaura, ta ajiye masa fari a dama, baƙi a hagu, saura kuma hannu da ƙafa sun san aikinsu. Da hantsi sai ya tuɓe takalmi ya zauna a masaƙa, yatsun ƙafarsa su lalubo matakan nan biyu na itace. Ƙafar dama ta taka, zare ya buɗe, ƙoshiya ta wuce. Ta hagu ta taka, ƙoshiya ta dawo. Ta hagun ta fi nauyi, tun shekarar da kurkunu ya kama masa ta dama ya bar masa ita da rauni. Ko daga cikin madafa Zalihatu tana bambanta ƙarar masaƙarsa da ta kowa a unguwar.

Ƙafafun nan kuwa ba su san hutu ba. Muddin hankalin Maikano ya tashi, ko yana ina, sai su kama saƙa su kaɗai, shi bai ma sani ba. Ranar da 'yarsu Fati ke naƙudar fari yana zaune a zaure, da ya tashi aka tarar ya haƙa 'yan ramuka biyu a daɓe.

Ita dai Zalihatu abin yana cinta. Mutumin da a da yake zura zare cikin allura bayan magariba ba fitila, yau shi ne ke laluben buta a gabansa yana yi kamar ba ita yake nema ba. Ba ta taɓa faɗa masa ba, don Maikano ya fi son a mare shi da a ji tausayinsa, amma babu abin da take roƙon Allah kamar ya sake gani.

A daminar 1955, zamanin Faransa na mulki, ɗan ƙanwarsa Illo ya shigo musu da labari. Illo tsohon soja ne, ya yi yaƙin Nasara ya dawo da furfura da Faransanci, aka ba shi aiki a gidan likita. Ya ce lokotoron, wato likitan da ya duba Kawu ranar kasuwa ya tabbatar yanar tana ciruwa. Akwai wani gwanin aikin ido da ya sauka Yamai, amma ranar Asabar zai koma ƙasarsu, babu wanda ya san yaushe wani zai sake zuwa. Ga shi ruwa ya yanke hanyar Doso, kwana tara mota ba ta wuce ba. Sai dai ɗan jirgin saman da ya kawo lokotoro da maganin lamba na rigakafi zai koma Yamai ranar Alhamis da kujeru uku babu kowa, shi lokotoro zai tsaya ya zagaya Tibiri da ƙauyuka. An yarda a ɗauki Maikano, Illo ya raka shi.

“Inna, ke ma akwai wurinki,” in ji Illo.

“Ni? Allah shi kiyashe ni. Ƙahwata ba ta barin ƙasa. Ku dai tahi, ina nan ina yi muku addu'a.”

Ranar Alhamis ta fito masa da babbar rigarsa ta saƙi, wadda ya saƙa da hannunsa, mai faɗin da za ta rufe mutum uku. Ya ce nauyi, ta ce ba zai shiga Yamai kamar wanda aka tsinto a gona ba. Ya sa.

Filin jirgin wani shararren wuri ne a bayan gari, an jera fararen duwatsu gefe da gefe, gonakin gero sun sa shi a tsakiya. Ruwan jiya ya kwantar da yashi. Rabin Dogon Dutsi ya fito rakiya, wai don Maikano, amma kowa ya san jirgi aka zo kallo. Jirgin kuwa ɗan ƙarami ne, taya biyu a gaba, wata 'yar mitsitsiya a wutsiya, ya ɗaga hanci sama kamar ɗan sarkin da aka yi wa sabuwar hula. Matuƙinsa wani Anasara ne gajere mai jan wuya, yana ta duba agogo.

Ya nuna wa tsoho kujerar baya. Nan Illo ya turje. Yaya zai zauna a gaba ya juya wa kawunsa ƙeya tun daga Dutsi har Yamai? Ya yi ta bayani da Faransanci yana ɗaga hannu, Anasara ya ɗaga kafaɗa, ya ce su yi yadda suka ga dama, rana na yi. Maikano ya tsaya a bakin ƙofa ya tuɓe takalmansa, don ba a shiga ɗakin mutane da takalmi. Zalihatu ta kaɗe su ta miƙa wa Illo. Aka tallafa shi ya zauna kusa da matuƙi, rigar ta bazu ta rufe gwiwa da ƙafa har ƙasa.

“Kawu,” Illo ya ce daga kujerar baya, “Anasara ya ce hannunka bisa cinya. Kada ka taɓa komi, ko ƙuda yas sauka ma ga hanci.”

“Na jiya.”

Aka yi wa hannu gargaɗi har sau uku. Ƙafa kuwa babu wanda ya tuna da ita. Shi Illo bai taɓa zama a gaba ba, balle ya san cewa a ƙasan kowace kujerar gaba akwai matakai biyu na ƙarfe, waɗanda da su ake juya wutsiyar jirgi a riƙe shi kan hanya.

Farfela ta juya, injin ya yi ruri, awaki suka watse. Zalihatu ta toshe kunne tana salati. Jirgin ya gangara zuwa ƙarshen fili, ya juyo, ya tsaya yana rawar jiki, sannan ya zabura.

Da farko ya miƙe sak. Wutsiya ta ɗago daga ƙasa, mutane suka fara “Kai! Kai!” na sha'awa. Sai ya karkata dama. Ya dawo hagu. Ya koma dama, ya sake dawowa hagu, wannan karon ya fi nisa. Fallen da ke ƙarshen wutsiya yana ta kaɗawa kamar ƙyauren da iska ta samu. Jirgin ya tsallake fararen duwatsu, ya dawo, ƙarar injin ta mutu gaba ɗaya, amma gudun bai ƙare ba. A karkata ta ƙarshe hancin ya yi hagu bai dawo ba, wutsiya ta zagayo gaba, tayar dama ta turbuɗe cikin yashi, fiffike ɗaya ya sunkuya ya share kan gero. Jirgin ya juya sau ɗaya cur a tsakiyar gonar wani Rabo, ya tsaya yana kallon inda ya fito.

Zalihatu ba ta san lokacin da ta yar da mayafi ta ruga ba. Ta riga samari isa. Ƙofa ta buɗe, Illo ya faɗo yana “Lafiya lau, lafiya lau.” Maikano yana zaune yadda aka ajiye shi, hannuwansa biyu a kan cinya, gumi ya jiƙe hularsa. Ko ƙwarzane babu wanda ya yi. Aka sauko da shi aka kai shi gindin wata aduwa a gefen fili, ta ba shi ruwa.

Maza suka turo jirgin suka fid da shi daga gero, Rabo na biye yana tattara karan da aka karya masa yana ƙunƙuni. Anasara ya zagaya jirginsa ya fi sau goma. Ya shafa fiffike, babu abin da ya karye. Ya buga taya. Ya kwanta ya leƙa wayoyin da ke jan wutsiya, ya shiga ya taka matakai, wutsiya ta bi shi lafiya lau kamar ba ita ba. Wuyansa ya ƙara ja. Daga ƙarshe ya kira Illo ya yi magana mai tsawo, Illo ya zo gindin aduwa jiki a sanyaye.

“Inna, tahiya ta hwasa. Ya ce matakan jirgi sun motsa da kansu ƙarƙashin ƙahwatai, ya danna, wani abu ya hi ƙarhinai. Ya duba bai ga komi ba, shi kau abin da bai gani ba shi a ka ba shi tsoro. Ba shi ɗaukar ɗan Adam cikinai sai makaniki ya zaka daga Yamai.”

“Yaushe?”

“Sai hanya ta buɗe. Kwana goma, ko hi.”

Asabar kuwa jibi ce. 

Kafin Illo ya rufe baki, bayani ya riga ya samu. Mutanen Arewa, wato ƙasar Dogon Dutsi, ba sa barin abin mamaki ya kwana babu mai shi. Kaltume, maƙwabciyarsu, tsohuwar 'yar bori, ta buga cinya ta ce, “Doguwa ta, aljanar wurin ga! Anka share mata hili ba a gaishe ta ba, yau ta kama wutsiya ta murɗe!” Aka yi ta gyaɗa kai. Har wani ya ce shi ya ga inuwar mace doguwa a bayan jirgin, alhali lokacin yana can yana kora akuyarsa.

“Allah bai nuhwa ba,” in ji Maikano a hankali. “Uwar Fati, mu tahi gida.”

Zalihatu kuwa hankalinta ba ya gida. Wani abu ne ke mata kai-kawo a zuciya tun lokacin da take kallon jirgin yana karkata, tsoro ne ya danne shi. Ta tashi ta shiga filin ita kaɗai. Sawun tayoyin yana kwance a kan danshin yashi, a fili kamar an zana. Ta bi shi a hankali. Dama kaɗan, hagu da yawa. Dama kaɗan, hagu da yawa. Tazarar kowace karkata daidai da 'yar'uwarta. Iska ba ta aiki a tsare haka, doguwa ma ba ta da wannan haƙurin. Shekara talatin da huɗu tana jin wannan bugun daga madafa, yau ne kawai ta gan shi a ƙasa.

Ta dawo gindin aduwa ta durƙusa kusa da shi, ta yi ƙasa da murya yadda babu mai ji.

“Malam, sa'adda jirgin nan yaz zabura, ina ƙahwahunka suke?”

Ya juyo da fuskarsa wajenta.

“Na ji wasu abubuwa biyu ƙasa,” ya ce. “Sanyi gare su. Na aza ƙahwa don in samu madogara. Daga nan ban san komi ba, wallahi, ina ta salati.” Ya share gumin goshinsa. “Sai da Illo yab buɗe baki yanzu niy gane.”

“To a hwaɗa ma Anasara.”

Ya damƙe hannunta. “Kul. Kina son a yi da ni cikin kasuwa har in mutu? A ce Maikano ya saƙa jirgi? Ga gardi, ɗan sandan kumandan, can tsaye, in an ce ni nib ɓata kayan Nasara ina zan kwana? Ki bar ma doguwa abinta. Na saba da duhuna.”

Ta dube shi. Tun da aka kawo ta gidansa ba ta taɓa tsallake maganarsa a gaban mutane ba. A cikin ɗaki dai sun sha yi, ba ta da kunyar wannan. Ta san girman kan mutumin nan, ta san dariyar Dogon Dutsi ba ta da ranar ƙarewa, ta kuma san zai iya yin wata guda bai yi mata magana ba. Ta auna duk wannan, ta ga bai kai nauyin ido ba. Da ta sunkuyar da kai sai ta ga rigar ta ɗan janye, ga ƙafafun nan tsirara a cikin yashi suna ta aikinsu, dama, hagu, dama, hagu, mai su bai sani ba.

Ta zare hannunta ta miƙe.

“Illo! Ce ma Anasaran nan shi zaka shi ga wani abu.”

Anasara ya zo yana goge baƙin mai a hannu, mutane suka biyo shi, har da gardin. Zalihatu ta nuna ƙasa da yatsa. Ya dubi ƙafafun. Ta nuna masa sawun da ke cikin fili. Ta ce da Illo, “Hwaɗa mishi masaƙi na. Hwaɗa mishi yadda a ka saƙa.” Illo ya buɗe baki, ya rufe, don ya tuna wanda ya nace a sa Kawu a gaba. Ta zuba masa ido. Ya faɗa, yana kwatantawa da hannu, gumi na bin wuyansa.

Maikano ya ji an kewaye shi, ya ji ana ambaton saƙa, hankalinsa ya ƙara tashi, ƙafafun suka ƙara sauri. Anasara ya tsuguna a gabansa ya tara tafin hannunsa a ƙarƙashin kowace ƙafa. Ta dama ta danna shi. Ta hagu ta danna, sai da bayan hannunsa ya nutse cikin yashi. Ya daɗe a tsugune fuskarsa babu annuri. Sai kafaɗunsa suka fara girgiza. Ya zauna daɓas a ƙasa, ya yi dariya har da hawaye, yana nuna ƙafar hagun yana faɗin wata magana.

“Mi yac ce?” in ji gardi.

“Ya ce shekara goma sha biyu shina tuƙi, ba a taɓa ƙwace mishi jirgi ba sai yau. Ya ce jirginai lahiya lau. In Kawu ya koma baya, yanzu ma sai a tashi.”

Filin ya ɓarke da dariya. Kaltume ta ce ai ko doguwa ba ta kai tsohon nan ƙarfin ƙafa ba. Rabo ya manta da geronsa yana riƙe ciki. Babu mugunta a dariyar, amma wanda ake yi wa ba ya jin haka. Maikano ya janye ƙafafunsa cikin riga, fuskarsa ta yi tauri.

“Kin kunyata ni, Uwar Fati,” ya ce. “Ba ni zuwa. Illo, ba ni takalmana.”

Illo ya roƙa, liman ya sa baki, Anasara ya sake duba agogo. Maikano ya kafe kamar turke. Zalihatu ta ji hawaye na zuwa, ta mayar da su, don ta san kuka ba ya tayar da wannan mutumin. Ta karɓi mayafinta daga hannun wata mata, ta yafa, ta nufi jirgin.  Ta yi bisimilla, ta kama ƙofa, ta hau ta zauna a kujerar baya. Dariya ta tsaya cak.

“Mi a ka yi?” Maikano ya tambaya. “Mi yas sa kunka yi shiru?”

“Kawu, Inna ta shiga abiyo.”

“Wace Inna?”

Ta leƙo ta ɗaga murya. “Ni ta. Tun da an ba mu kujera, ba ta komawa banza. In ba ka zuwa, ni na tahi, su hidda nawa idon su wanke.”

“Ke da ko jaki ba ki hawa?”

“To yau na hau wanga.”

Ya ji yadda muryarta ke rawa. Ya san ta, ya san ba za ta sauko ba, ya kuma san tsoro na iya kashe ta kafin a kai Doso. Ya zauna jim kaɗan yana huci. Sannan ya miƙa hannu sama, Illo ya ɗaga shi.

Aka zaunar da shi kusa da ita. Illo ya shiga gaba, ya waiwayo ya ce, “Kawu, a gahwarce ni, zan ba ka baya,” ya naɗe ƙafafunsa can ƙarƙashin kujera kamar mai gudun kunama. A baya babu matakai, amma da injin ya tashi Zalihatu ta sunkuya ta ɗauko ƙafafun mijinta ta ɗora a cinyarta, a gaban duk jama'ar gari, ta rungume su. Suna ta motsi a hannunta. Ta rufe ido gam. Jirgin ya zabura, ya miƙe tsakanin fararen duwatsu bai karkata ko taki ɗaya ba, ƙarar taya ta ɗauke. Ba ta buɗe ido ba sai da aka ce mata an sauka Yamai.

Aka yi aikin ranar Juma'a. Kwana takwas yana kwance fuskarsa a naɗe da farin ƙyalle, an hana shi ko juya kai, tana zaune a tabarma kusa da gadon. A kwana takwas ɗin nan abin da ya haɗa shi da ita bai wuce “ruwa” da “buta” ba. In ta yi masa hira sai ya yi kamar barci yake. Ta ƙyale shi. Wani lokaci in ta fita wanke kwano sai ta tsaya a bayan ɗakin ta yi kukanta, don ba ta sani ba ko aikin ya yi, ko ta sayar da mutuncinsa a banza.

Rana ta tara da hantsi aka warware ƙyallen, aka ɗora masa wani tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Ya ƙifta ido, hawaye na zuba. Ya dubi taga, ya dubi tafin hannunsa, ya juya shi. Ya dubi Illo ya ce, “Kai, ka yi ƙiba.” Sannan ya juyo gefen tabarma.

Zalihatu ta rasa inda za ta sa fuskarta. Ta gyara ɗaurin kallabi, ta sake gyarawa. Ya daɗe yana kallonta.

“Wace tsohuwa ta anka aje min nan?”

“Wadda tak kunyata ka.”

Ya miƙo hannu, bai laluba ba, ya taɓa gashin da ya leƙo a gefen kallabinta.

“Yaushe hurhurar ga taz zaka?”

“Ta yi shekara ukku.”

“Ba ki hwaɗa min ba.”

“Ba ka tambaya ba.”

Kunya ta kama ta a gaban Illo, ta yunƙura za ta tashi, ta ce bari ta ɗebo masa ruwa. Ya kama gefen zanenta.

“Zamna,” ya ce. “Ban gama dubi ba.”